Mitfai Mai Bin Kasuwa

Shekarar da na tare a unguwar Kongo-Rasha, gidan haya ɗaya muke da wata dattijuwa 'yar ƙabilar Ibo mai sayar da mitfai, gasasshiyar fulawar nan mai nama a ciki, a ƙofar gida. Mama muke ce mata. Wata rana na roƙe ta ta gaya mini abin da take zubawa a ciki.

Ta ce, "Amarya, ni ma ban sani ba, sai na je kasuwa."

Na ɗauka rowar sana'a ce, sai da na raka ta. Abin da ta tarar an jibge a ƙasa, shi ne na ranar. Da damina sabon dankalin turawa ne da koren wake. Kabejin lokacin kuwa ruwa ne zalla, don haka takan yanka, ta barbaɗa gishiri, ta matse shi a ƙyalle, in ba haka ba kwaɓin fulawar ya jiƙe. Da rani karas ke zaƙi, sai ta ƙara attarugu ya danne shi. Naman mayankar Abatuwa kuwa ɗan kaɗan take sawa, don ƙamshi.

Yanzu 'yata tana aure a unguwar Rayfield. Kayan lambunta na kanti ne, a leda, cikin firiza. Jiya ta gasa mini mitfai, ta tsaya tana jiran yabo. Na ce ya yi daɗi, kuma ba ƙarya na yi ba. Sai dai na cinye shi tas, ban ji ko damina muke ciki ko rani ba.