Randar Sahabi

Mun tashi daga Sakkwato ana idar da sallar asuba, ni da wani abokin aikina, jakata a kan cinya don na hana a sa ta a but ɗin mota. A cikinta akwai guduma da ƙusoshi da ɗan allon ƙarfe da na sa aka rubuta wa sunan ƙanena Sahabi. Ɗan sa-kai ne. Bara 'yan bindiga suka shiga ƙauyen da yake noma a ƙasar Kebbe, shi da 'yan uwansa 'yan sa-kai suka tare su lungu-lungu har mata da yara suka fice, a nan aka harbe shi. Hanya ta rufe, ban samu jana'iza ba. Tun daga nan hankalina bai kwanta ba. Ban san inda ya faɗi ba, kuma ina tsoron kafin in sani a manta.

Dabarar allon daga Faransa na ɗauko ta. Ni malamin Faransanci ne, an taɓa tura mu kwas Paris. Can na riƙa ganin ƙananan alluna a jikin bangaye, wani kusa da shagon burodi, wani a bakin gada. Kowanne na ɗauke da sunan wanda ya mutu daidai wurin, lokacin da mutanen gari suka tasam ma sojojin Jamus da suka mamaye su a Yaƙin Duniya na Biyu. Akwai ɗalibi, akwai ɗan sanda, wani ma ba a san sunansa ba, kuma har yau akan rataya musu furanni. A lokacin kallo kawai na yi. Da Sahabi ya rasu sai allunan nan suka hana ni sakat.

Har Tambuwal kwalta ce, sai dai kuɗin mota ya yi tashin gwauron zabo, direba na ɗora wa fetur laifi, mu muna ɗora wa direba. A tasha abokina ya zauna wa waina da miya kamar abin da ya kawo shi ke nan. Ni ko ɗaya ta ƙi wucewa, sai tashi nake ina zama, ina yi masa masifa rana na yi.

Daga nan sai kabu-kabu, wato babur. Damina ta yi kyau, gero ya fi mutum tsawo, abin da manomi ke murna da shi matafiyi ke tsoro. Masu baburan, da suka cika mu da surutu a tasha, suna shiga daji suka yi tsit, kowa na waige. Mun ci karo da garken shanu a wata kwana, gabana ya faɗi, ashe dattijon makiyayi ne, shi ma ya tsorata da mu. Muka gaisa, kowa ya yi dariyar kunya. A wani rafi sai da muka naɗe wanduna muka tura babur. Guduma kuwa ta yini tana dukan bayana, har na fara zargin da gangan take yi.

Mun wuce garin Kebbe, muka isa ƙauyen rana tsaka, maƙogwarona kamar ƙasa. A bakin wani lungu na ga randa a gindin bango da moɗa a kanta, na sha har sau biyu kafin in tuna da gaisuwa. Mai gidan, wani tsoho, ya fito. Da na faɗa masa ko ni wane ne, ya riƙe hannuna ya daɗe bai saki ba.

"Malam, nan da kake tsaye, nan yaf faɗi," in ji shi. "Ruwan ga da kash sha nashi na. Matatai ka cika randar kullum da sahe."

Na durƙusa na dafa randar. Da na dawo hayyacina na zaro allon, na ba shi labarin Paris, na nemi izinin bangonsa. Ya juya allon, ya miƙo mini.

"Turawan naka sai da yaƙinsu yaƙ ƙare sunka kafa allo. Namu bai ƙare ba, ɗana. Waɗanda sunka kashe shi suna bayan dajin can, suna da masu kai musu labari. In sunka ji an kafa allo, sai su ƙone garin. Amma ba a ƙone gari don randa."

Ba zan ɓoye ba, raina ya ɓaci. Na yi wannan wahala duka, a ce ko ƙusa ɗaya ba zan buga wa ɗan uwana ba? Tsohon bai ja ni da gardama ba, sai ya zaga da mu cikin gari. Bakin masallaci randa, bayan injin niƙa randa, kusa da mahauta randa. Kowacce sai ya tsaya ya ambaci sunan wanda aka kashe a wurin, mu yi addu'a mu wuce. Na je na gaida matar Sahabi, kowa ya kasa kallon ɗan uwansa. Na karɓi jarkarta na yi mata ɗiban ruwan randar na gobe.

Masu baburan suka matsa mu tashi kafin la'asar. Muna jiran ɗayansu a bakin lungun sai na ji wanda ya ɗauko ni, mutumin Tambuwal, yana waya: "Ina nan randar Sahabi, taho ka iske ni!" Na tambaye shi ko ya san Sahabin.

"Ban san shi ba, Malam. Allah dai shi jiƙanai."

A nan kukan da na riƙe shekara guda ya ƙwace mini, a gaban mutane, ban kuma ji kunya ba.

Mun shigo Sakkwato bayan magariba, jikina duk ciwo. Abin da tafiyar ta koya mini shi ne kowace al'umma na da yadda take riƙe matattunta, kuma wanda ke cikin wuta ya fi mai kallo sanin zafinta. Allon na cikin akwati, yana jiran ranar da yaƙinmu zai ƙare. Washegari na sayo randa na girka a ƙofar gidana, kuma ni nake cika ta da hannuna.