Zuwa Jos Sayen Hita Saboda Bakwaini

A da, idan aka yi haihuwa a Suleja cikin marka, kaskon garwashi ake shigar wa mai jego a rufe ƙofa, shi ke nan. Yanzu likita ya hana. Da 'yata Rabi ta haifi bakwaini, sharaɗin sallamarsu daga asibiti shi ne ɗakin ya zauna da ɗumi, kuma hayaƙin gawayi kada ya shiga. Idan jikin yarinyar ya yi sanyi, kwalba za a mayar da ita.

Gidan hayar da suke a Chaza mita ɗaya gare shi. Ana raba kuɗin wuta ne bisa ƙidayar kayan kowane ɗaki: ƙwan fitila kaso ɗaya, fanka biyu, firji fiye da haka. Duk abin da ke yin zafi kuwa an haramta shi, har dutsen guga. Mijin Rabi yana fita aiki Abuja tun da duhu, ba shi da lokacin rigima. A kasuwarmu hita iri ɗaya na samu, mai shagon ma bai san yawan wutar da take ci ba. Sai na yanke Jos za ni, inda masu sayar da ita suke kunna ta a gidajensu.

Suleja zuwa Akwanga

Na bar Bagama bayan sallar asuba, ana yayyafi. Na sami kujerar gaba a wata Sharon. Cunkoson Nyanya ya riƙe mu har hantsi.

"Baba, Jos cikin wannan ruwa? Biki ne?" in ji direba.

"Hita zan sayo."

"Ikon Allah! Kowa na neman esi, kai kana neman zafi."

Bayan Keffi an tsayar da mu a shinge, aka leƙa but, muka wuce. A Akwanga na ci doya da ƙwai, na sha shayin da sukarinsa ya yi yawa.

Jos

Hazo ya rufe Hawan Kibo, direba ya kunna fitilu da rana tsaka. Na sauka gidan Malam Ɗanjuma, tsohon abokin fataucina tun zamanin Kwatano. Bayan la'asar ya raka ni shagon kayan wuta.

Iri uku aka jera mana. Akwai mai sanduna da ke yin ja kamar garwashi. Wanda ke gabanta kawai take gasawa, bayanta sanyi. Akwai 'yar ƙarama mai fanka, tana huro iska mai zafi nan take, da ƙara. Ta uku mai haƙarƙari ce a kan tayoyi, cikinta cike da mai, ba ta ja, ba ta ƙara. Siffarta ta tuna mini da ƙarafan bango da na gani a Istanbul, sai dai na can ruwan zafi ke zagaya su.

"Alhaji, ɗauki ƙaramar," in ji mai shagon. "Ba ta cin wuta."

Na juya bayanta, na ga an rubuta wat dubu biyu. Wato yunit biyu a kowace awa. Mai haƙarƙarin, duk girmanta, dubu ɗaya da ɗari biyar ce, tana da makunnin ragewa, kuma idan ɗaki ya ɗumama tana kashe kanta. Mai shagon ya yi dariya ya ce shi girma yake dubawa, don kwali yake ɗagawa.

Da muka koma cin tuwo, uwargidan Ɗanjuma ta ce, "Mai jan nan ta taɓa ƙone mini zani. Ka ɗauki mai man. In an ɗauke wuta ba ta hucewa nan da nan. In abin ya daɗe kuma, uwar ta sa yarinyar a ƙirjinta ta rufa."

Washegari na saye ta, na haɗa da wata ƙaramar mita ta ɗaki ɗaya.

Hanyar dawowa

Na biyo ta Kafanchan da Kwoi don in kauce wa Abuja. Hitar a tsaye take son zama, don haka na biya mata kujera. Kusa da Jere wani ɗan sanda ya ƙwanƙwasa kwalin.

"Wannan fa, lagireton mota ne?"

"Na jikata ne."

Ya dube ni, ya dubi kwalin, ya ɗaga mana hannu. Na sauka Diko, na ɗauki shatar keke zuwa Chaza.

Chaza

Mama Bose, wadda ke tara kuɗin wutar gidan, ta tare ni a tsakar gida.

"Alhaji, muna tausayin bebi, amma doka doka ce. Wannan abu zai shanye mana yunit kafin arba'in."

Na ce ta ba ni zuwa magariba. Mai gyaran wuta ya ɗaura ƙaramar mitar a ƙofar Rabi, muka kunna hitar a matsakaici. Mama Bose ta jawo kujera ta zauna gaban mitar kamar mai kallon talabijin. Da farko lambar ta yi ta hawa, ta juyo ta dube ni. Da ɗakin ya ɗumama, sai aka ji ƙas, lambar ta tsaya. Ta shiga ta taɓa ƙafar yarinyar, ta fito.

"Abin da ta ci, ku za ku biya?"

"Mu za mu biya."

Ta ce, "To ni ma a sa mini. Tun bara nake zargin kaso na firjina ya yi yawa."

Na isa gida bayan isha'i, na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya. Yarinyar ba ta koma kwalba ba. Kafin damina ta wuce kowane ɗaki a gidan ya sami mitarsa, aka daina ƙidayar ƙwan fitila.