Waƙoƙin Baba da Dogayen Sunayensu

Baba bai taɓa rera waƙa ba sai ya faɗi wanda ya koya masa. Haka ake yi a gidanmu a Madakiya: kafin ka buɗe baki sai ka ambaci mai waƙar, da danginsa, da ƙauyensu, don kada ka ci amanar matattu. Ba waƙoƙin coci nake nufi ba. Na yarenmu ne, waɗanda ba a taɓa rubutawa ba, kuma shi kaɗai ya rage da su a ka.

Da ciwo ya kwantar da shi, na kawo shi wurina a Kafanchan, inda nake koyar da kwamfuta a sakandare. Kullum in an tashi makaranta sai in ɗauki muryarsa. Ya kafe lallai sunan kowane fayil ya ɗauki wannan jerin gaba ɗaya, kuma duka su fara da "Waƙar da na karɓa daga bakin". Na yi masa tsiya cewa sunan ya fi waƙar tsawo. Ya ce ina ruwana, ai ba ni ke ɗauke da kayan ba.

Kwamfutata ta karɓa ba musu, kuma a nan na yi wauta. Kowace na'ura tana da iyakar tsawon sunan da take yarda da shi, ƙa'idar aikin kuwa ita ce ka tambaye ta kafin ka ɗora mata. Ni da nake faɗa wa ɗalibai haka har bakina ya bushe, na rubuta ɗan shirin kwamfuta na kwafar fayilolin ban sa ya tambaya ba. Na ɗauka ta kowa irin tawa ce.

Na kwashe komai zuwa tsohuwar kwamfutar ofishin cocinmu don ajiya. Ita kuwa gajeren suna take ɗauka. Aka datse kowanne a wuri ɗaya, duk suka koma suna guda, kowace waƙa ta hau kan ta baya ta shafe ta. Na'urar ba ta yi ƙorafi ba, ni ma ban duba ba. A daminar da muka binne Baba tsawa ta ƙone kwamfutata.

Na je ofishin da ƙannena mata biyu, suna ɗokin jin muryarsa. Fayil ɗaya muka tarar, na ranar ƙarshe. Har yau ban yafe wa kaina ba.

Na kunna. Baba ya ambaci mahaifiyarsa, da danginta, da ƙauyensu. Ya ja numfashi zai fara, tari ya hana shi. Can sai ya ce, "Ka ajiye su duka, ko?"

Na ji muryata tana cewa, "Duka, Baba."

"To, madalla," in ji shi. "Na sauke kaya."