Motar Da Ba Ta Da Kujerar Gaba

Ranar da maigidana ya kawo motar ina bakin kasko. A lokacin muna zaune a Mpape, can saman dutse, ni kuma ina tuyar ƙosai da damun koko a gindin hawa, daidai inda direbobin tasi suke taruwa da safe kafin su gangara cikin gari. Shekarun nan ne da sojoji suka koma bariki, Abuja ta cika da gine-gine, kowa ka gani da waya a kunne. Maigidana ya daɗe yana jan wata tsohuwar mota tokumbo, ita ce cinmu ita ce shanmu. Ya dai ce mini zai canza mota, na ce Allah ya sa alheri. Ban san ya riga ya sayar da tsohuwar ya haɗa da ɗan abin da muka ajiye ba.

Sai ga wata mota mai dogon rufi da dunƙulallen goshi ta tsaya a gabana tana sheƙi. Ya leƙo yana dariya.

"Maman yara, ajiye matsamin nan ki zo ki gani."

Na goge hannu da zani, na zagaya na buɗe ƙofar gaba don in zauna inda na saba. Babu kujera. Wallahi babu. Fili ne kawai a gefen direba, an shimfiɗa masa baƙar roba.

"Malam, sace kujerar aka yi?"

"Haka aka ƙera ta. Nan wurin kaya ne. Wannan ba motar gida ba ce da aka shafa wa fenti, tun daga masana'anta don haya aka yi ta. Irin ta Landan ce."

Ya buɗe mini baya. Ciki kamar ƙaramin ɗaki, mutum zai shiga bai sunkuya sosai ba. Tsakanin direba da fasinja akwai bangon gilashi, a jikinsa kuma wasu kujeru biyu masu naɗewa, wanda ya zauna a kansu baya yake kallo. Har wani faifan ƙarfe ya zaro mini daga ƙasan ƙofa, wai na hawa da keken marasa lafiya ne. Na ce masha Allah. Amma idona yana kan filin nan na gaba.

Direbobi suka bar kofunan koko suka kewaye ta. Akwai wani dattijo ɗan Funtuwa a cikinsu, mai bakin tsiya, shi ya fara.

"Oga Landan, ina za ka sa biyun gaba?"

Aka kwashe da dariya. Ga wanda bai san Abuja ba, yawancin abincin direba a alon yake: ka tsaya bakin titi ka kwashi masu tafiya hanya ɗaya, biyu a gaba, huɗu a baya, kowa ya biya nasa. Maigidana ya ce shi ya wuce nan. Kamfanin da ya sayar masa ya ba shi layi a filin jirgi da ƙofar manyan otal-otal, shata kawai zai riƙa yi.

Wani Bayarabe ya ƙwanƙwasa gilashin da yatsa. "Wannan mota shi yana da kyau, oga. Amma in ya lalace, wane ne zai gyara? A Apo wurin makanikai ko kusa ɗaya nasa babu."

"Ba za ta lalace ba."

"To Allah ya sa," in ji ɗan Funtuwa. "Mama, ƙaro ƙosai, yau mai kuɗi ne zai biya."

Da muka koma gida yana ta murna. Abu ɗaya ne a raina. Babbar 'yarmu tana ajin kusa da ƙarshe a sakandare, ita ce ta farko a danginmu da ta kai nan, ita ke duba mini aikin da ake ba mu a ajin yaƙi da jahilci. Ƙosai ba ya riƙe gida a Abuja. In motar nan ba ta ciyar da mu ba, sai dai mu tattara mu koma ƙauye, karatunta kuma ya tsaya a nan.

Watannin farko ya riƙa fita da guga a riga. Sai na lura yana dawowa da wuri, yana cin abinci ba ya kallon kowa. A hankali labarin ya fito. A filin jirgi zai yini a layi, manyan da aka yi motar dominsu kowa direbansa na jiransa, don a shekarun nan duk wanda ya samu ofis sai ya sayi mota. A titi kuma talaka in ya hango ta sai ya sauke hannunsa, yana ganin ta fi ƙarfinsa.

Abin da ya fi ƙona masa rai shi ne na wani Alhaji, ma'aikacin wata ma'aikata a Garki, wanda ya daɗe yana kai shi ofis a tsohuwar motar. Kullum a gaba yake zama, su yi ta hirar siyasa da farashin masara. Sau ɗaya ya shiga sabuwar. Ya zauna can baya shi kaɗai, yana magana maigidana bai ji, sai da ya riƙa buga gilashin da zobensa. Da ya sauka ya ce, "Malam, ni fa ba ziyarar gidan yari na zo ba." Bai sake kira ba.

Sai maigidana ya fara neman mai saye. A gabana ya taya wa ɗan Funtuwa.

"Ni?" in ji shi. "Motar da ba zan kai iyalina gida da Sallah ba? Tsohona ya zauna a baya yana kallon inda muka fito? Ka je hanyar Lugbe ka ga 'yan'uwanta tukuna."

Na ɗauka tsokana ce irin tasa. Wata ranar Asabar maigidana ya kai ni gidan suna a Lugbe, da muka zo wani fili mai shingen waya ya rage gudu. Na duba. Motoci ne irin tamu sak, jere-jere, sababbi, wasu ko ledar kujerunsu ba a cire ba. Damina ce, ciyawa ta kai musu ƙofa. Tayoyin wasu sun sace sun zauna a ƙasa. Na ga akuya a inuwar ɗaya. Na ce innalillahi wa inna ilaihi raji'un, na kama bakina. Masu motocin ma sun rasa wanda za su sayar wa, balle mu.

Bayan wannan ne ya yanke shawararsa, bai gaya mini ba. Da safe na ga motar ta iso bakin rumfata, na ga kamar an canza mata wani abu. Da na matsa sai na ga babu gilashin. Ya kai ta wajen mai walda an yanke bangon gaba ɗaya, kujerun nan biyu masu naɗewa sun tafi tare da shi, ga tabon wuta a jikin ƙarfe. A bayan motar kuma ga wata kujerar tokumbo a kwance, ya sayo a Apo.

"Malam, me ka yi?"

"Alon zan koma. Jibi mai walda zai kafa kujerar, ƙafafun yake haɗawa."

Ɗan Funtuwa ya leƙa ciki, wannan karon bai yi dariya ba. "Ka tambayi masu layin filin jirgi kafin ka yanke?"

Bai tambaya ba. A wajenmu mota taka ce, in ka ga dama ka ƙara mata kujera, ka ɗaura mata kariyar kaya a rufi, ba ruwan kowa. Ran nan da ya je filin jirgi, mai kula da layi ya leƙa sau ɗaya ya ce ya fita, sharaɗin layin shi ne motar ta kasance yadda aka ƙera ta. Washegari mai walda ya ce ƙasan motar ba irin wanda ya sani ba ne, ba ya kama walda a inda yake so, sai ya yi tunani. Maigidana ya ɗauko kujerar ya jingine ta a bayan rumfata. Shata ta tafi, alon bai samu ba. Motar da muka zuba komai a kanta ta koma kujerar baya ɗaya da dogon fili.

Daren nan na fara duba kayanmu da ido, wanne zai shiga buhu, wanne za a bari. 'Yata ta gane, ta daina yi mini maganar jarrabawa.

Ana cikin haka wata safiya, ina kwashe ƙosai, sai na ga maza suna gangarowa daga saman dutse a hankali, ɗauke da wani abu a naɗe cikin tabarma. Wani maƙwabcinmu ne, mai fasa dutse a kwari, ya kwana biyu yana tari, Allah ya yi masa rasuwa da asuba. An yi masa wanka an sallace shi a masallacin unguwa. Maƙabarta kuwa tana can wajen Apo, motar ɗaukar gawa da aka kira ta ce sai la'asar. Suka tsaya a bakin titi suna dube-dube. Direbobi kowa ya sunkuyar da kai cikin kofinsa, ba don mugunta ba, ƙananan motocinsu ba inda mutum zai miƙe.

Sai na ga maigidana ya tashi ya buɗe ƙofar baya. Aka shigar da mamacin a karkace, aka miƙar da shi tun daga gindin kujerar baya har cikin filin nan na gaba. Ya shiga daidai, kamar an auna. Liman da 'yan'uwansa biyu suka zauna a baya, suka tafi.

Matsamin yana hannuna har ƙosan ya ƙone. A filin nan ne na so zama ranar farko, na buɗe ƙofa na tarar ba kujera.

Kafin azahar magana ta zaga Mpape. Washegari maigidana ya tsaya a tasha ko zai samu masu zuwa Garki su uku, wata mai sayar da tumatir ta sa ƙafa ɗaya, wata ta ja ta baya tana cewa, "Ke, motar gawa ce!" Har yara suka riƙa faɗa. Na ce shi ke nan, abin da ya rage ma ya tafi.

Amma wayarsa ta fara kuka. Farko wata rasuwar ce, ya je, ya ƙi karɓar komai sai na mai. Sai wani ma'aikaci a Garki da mahaifiyarsa ke kan keke, ana kai ta wankin ƙoda duk mako, ya ji labarin motar da ake kwanciya a ciki. Ranar ne aka fara zaro faifan ƙarfen nan don aikinsa. Daga ita sai wani mai karaya, sai mai naƙuda da ba ta iya zama. Masu jinya suka riƙa ba juna lambarsa a barandar asibiti. Kullum da yamma sai ya wanke cikin motar da omo da ruwan zafi, ni nake dafa masa ruwan. Na daɗe ban iya shiga cikinta ba, gaskiya, ko asibitin awo a ƙafa nake sauka in hau bas.

Ba mu yi arziki ba, amma buhunan da na tanada ban ɗinke bakinsu ba. 'Yata ta rubuta jarrabawarta a Abuja. Ranar da za ta fara, shi ya kai ta, ta zauna a baya ita kaɗai da littafinta a cinya, ƙawayenta suka ƙi shiga.

Ɗan Funtuwa ma ya zo wata safiya, hula a hannu, ƙanensa ya faɗo daga bene a wajen gini. Maigidana ya kai su ya dawo da su. Bayan sati ɗan Funtuwa ya zauna shan koko, wani sabon direba ya tambaye shi ko motar tana da daraja.

"Daraja? Ko kyauta aka ba ni ba na so," in ji shi. "Amma kada Allah ya sa ta bar unguwar nan."

Mai walda bai gama tunaninsa ba har yau. Kujerar tana nan a rumfata, na sa mata bulo biyu a ƙasa don kada ta yi rawa. A kanta nake zama in yi tuya, ta fi kujerar katako daɗin baya.