Baba Mai Ƙararrawa da Bencin Baya

Ran Talata ne da hantsi, ina shanya a tsakar gida, na ji sallama. Na gane muryar kafin in ga fuskar, ko da yake shekara tara rabona da jin ta. Baba Mai Ƙararrawa ne, mai sharar majami'armu, ko in ce majami'ar da na bari. Hularsa tana hannu.

Ya ce, "Maman Dogo, ajiye wankin nan ki zauna."

Na ce, "Faɗi abin da aka aiko ka. A tsaye ma ina ji."

Ya ce ɗana Dogo ya faɗo daga rufin da suke walda a garin da yake aiki, kafin a kai asibiti rai ya yi halinsa.

Ban yi kuka nan take ba. Allah ya gafarta mini, abin da ya fara faɗo mini a rai shi ne, yaya aka yi tsohon nan ya riga ni ji? Ni na haife shi, lambata tana cikin wayarsa. Me zai sa abokan aikinsa su kira mai shara?

Ban yi nisa a makaranta ba, kuma ban rubuta komai a lokacin ba. Abin da na riƙe a ka nake faɗa. Na ji an ce Lahadi mai zuwa Baba zai ajiye tsintsiya saboda gwiwa, shi ya sa na ce sai na yi magana tun yana da kunnen ji.

Shekara talatin da wani abu aikinsa ke nan. Ya buɗe ƙofa, ya buɗe tagogi, ya share daga wajen bagade zuwa bakin ƙofa, ya goge benci ɗaya bayan ɗaya. Littafin waƙar da ya ɓare ya ɗinke shi da zare. Ran Lahadi ya buga ƙararrawa sau biyu, sannan ya wuce bencin baya ya zauna.

A majami'armu bencin baya ba wurin zaman kowa ba ne. Wanda ya yi laifi dattawa suka sa shi ƙarƙashin horo, can yake zama har wa'adinsa ya cika. Ba ya waƙa da mawaƙa, ba ya cin jibin Ubangiji, wato gurasa da ƙoƙon da ake raba wa masu bi, kuma duk mai shigowa sai ya gan shi. Baba ba a taɓa sa shi horo ba, amma can yake zama. Mu kuwa ba mu rasa abin faɗi ba. Wasu suka ce wani tsohon zunubi ne ke cin sa. Ni ina cikin masu cewa kunnen dattawa ne, an ajiye shi ya ji wa ya tuba, wa yake gunaguni.

Dogo yana da shekara ashirin da shida ya mari shugaban mawaƙa a harabar majami'a. Zuciya gare shi, a wurina ya gado ta. Aka yanke masa wata shida a bencin baya. Na ja masa kunne na ce, "Tsohon nan na gefenka, ko gaisuwa kada ta yi tsawo." Ya yi wata huɗu, ya gaji da idon mutane, ya tattara ya bar gari. Ni ma na ninke zanen zumuntar mata na sa a ƙasan akwati, na ce majami'ar da ta kore mini ɗa ba za ta sake ganin ƙafata ba.

Kafin gawa ta iso, magana ta riga ta. Shugaban dattawa ya ce Dogo ya gudu da sauran wata biyu a kansa, saboda haka ba za a shigar da shi majami'a ba, sai dai addu'a a bakin kabari. Faston sabo ne, bai san Dogo ba, ya ce a zauna a duba. Aka ce in zo in na ga dama.

A kwana biyun nan kullum da safe sai in tarar an share mini ƙofar gida, an jera benci don masu gaisuwa. Na san aikin wane ne. Na ce wa tela maƙwabcina, "Ka gani ko? Yana ƙirga masu shigowa ne ya kai rahoto." Tela ya ce, "Maman Dogo, ke ko ruwan sama ya sauka sai kin tambayi wa ya aiko shi."

Na je zaman. A ɗakin bayan majami'a ne, dattawa biyar, da fasto, da Mai Tulu, shugabar zumuntar mata, wadda take buga mana tulu in muna waƙa. Baba yana tsaye a bakin ƙofa. Da ya ɗaga hannu yana neman magana, sai na zuba masa ido. Na ce yau zai zazzage abin da ya tara.

Ya ciro wata tsohuwar waya da aka ɗaure da roba, ya ajiye a tebur. Ya ce, "Wata biyu kuka ce ya rage masa. Shekara shida ya yi a bencin nan."

Ya ce wata Lahadi yana shirin buga ƙararrawa wayar ta yi ƙara. Dogo ne. Bai ce komai ba sai, "Baba, kada ka kashe." Baba ya buga ƙararrawa, ya je ya zauna, ya ajiye wayar a gefensa kusa da bango. Dogo ya ji waƙa, ya ji karatu, ya ji wa'azi har aka sa albarka. Daga ranar, kowace Lahadi sai ya kira. In an zo jibin Ubangiji shi da kansa yake kashewa, sai an gama ya sake kira, ya ce bai cika wa'adi ba.

Shugaban dattawa ya gyara gilashinsa ya ce, "Waya ce ta zauna, Baba, ba mutum ba."

Baba ya ce, "Ranka ya daɗe, daga baya ina ganin ƙeyar kowa. Akwai waɗanda jikinsu ke gaba, kansu yana ta gaida ƙirji. Shi dai ban taɓa jin minsharinsa ba."

Ba wanda ya yi dariya sai fasto, shi ma ya mai da ita tari.

Dattijon ya ce wa ya shaida. Wayar ba ta riƙe kira sai na 'yan watanni. Sai Mai Tulu ta ce, kanta a ƙasa, "Ni na shaida. Mu uku muka kai ƙarar Baba wurin tsohon fasto, muka ce yana ɗaukar maganar mutane a waya. Shekarar da aka sake rufin majami'a ne." Kowa ya san shekarar. Shida cif. Zargin da muka yi masa, shi ya zama shaidar ɗana.

Duk da haka ban yarda ba. Na karɓi wayar na kai wa tela ya karanta mini. Lambar Dogo ce, Lahadi, Lahadi, Lahadi, har ta ƙarshe kwana biyu kafin ya faɗo. Ashe lambar Baba abokan aikinsa suka tarar a saman jerin kira a wayar Dogo, shi ya sa suka kira shi.

Na koma na sami Baba yana goge benci. Na ce, "Shekara shida kana wuce ƙofata, ba ka gaya mini ba?"

Ya ce, "Shi ya hana ni. Ya ce, 'Mama ta bar majami'a saboda ni. In ta ji ina komawa ta bayan gida, za ta ce na ci amanarta.'"

A nan na yi kukan da ban yi ba ran Talata.

Aka shigar da Dogo ta babbar ƙofa, aka ajiye shi a gaba. Shugaban mawaƙan da ya mara, shi ya tada waƙa. Na sa zanen zumunta yana warin akwati. Mata suka matsa mini wuri a gaba, na wuce na zauna a baya kusa da Baba. Na tambaye shi a hankali abin da ya kamata in tambaya tun shekara talatin, me ya ajiye shi a nan. Ya ce, "In mutum biyu ke zaune, baƙo ba ya sanin wane ne mai laifin."

Baba, kai ne ka zauna inda kowa ke gudu ba tare da an sa ka ba. Kai ne muka kira kunnen dattawa, alhali duk abin da ya shiga kunnen nan bai fita ba. Ka san abin da nake faɗa a kanka, ka share mini ƙofa. Tsintsiya mai tara abin da ya watse, na gode. Ubangiji Yesu ya tare ka a bakin ƙofa yadda ka tare mini ɗa.

Ku kuma 'yan'uwa, kyautar bargo da za a ba shi ran Lahadi ba ita ce godiya ba. Yanzu haka akwai wata mata a bencin nan. Ban san laifinta ba, kuma a karo na farko a rayuwata ban tambaya ba. Daga mako mai zuwa Baba ba zai iya zuwa kullum ba. Ni zan zauna, amma bencin yana cin mutum shida.

Har yanzu hali bai gama barina ba. In na ga biyu suna raɗa, sai in ɗauka da ni suke. Amma na karɓi tsumman Baba. Kowace safiya kafin in wuce kasuwa nakan shiga in goge bencin baya daga wannan kai zuwa wancan. Wurin nan kusa da bango, inda wayar take zama, shi nake bari ƙarshe.