Sista Sanatu Wumbei, Wadda Ta Koya Mana Wa Za A Fara Dubawa

Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Da hantsin ranar Talata, sha huɗu ga watan Mayu, Allah Ya karɓi ran shugabar ma'aikatan jinya ta asibitinmu, Sista Sanatu Wumbei, a gidanta da ke Savelugu, bayan jinyar ciwon hanta ta wata biyar. Ta rasu tana da shekara hamsin da tara, talatin da huɗu daga ciki a bakin gadon marasa lafiya ta yi su.

Mma Sanatu, ni ce Memunatu, wadda kika karɓa ɗanya shataf daga makaranta. Ban manta makona na biyu a hannunki ba. Lokacin tsintar kaɗanya ne. Da safe aka kawo mana mutum biyu kusan tare. Na farko Alhaji Ziblim, dillalin doya, babur ya kayar da shi ya kuje gwiwa, ihunsa har bakin titi. Ta biyu wata mata ce mai suna Adisa, aka zaunar da ita a benci, ta lulluɓe da zane ba ta ce uffan ba. Ni kuwa na ruga wurin mai ihu da auduga da almakashi.

Kina shigowa kika wuce mu kamar ba ki gan mu ba, kika durƙusa gaban Adisa, kika buɗe bakinta. Dasashinta jini yake tsattsafowa. Ashe kububuwa ce ta sare ta a gindin kaɗe tun asuba.

"Memunatu, ajiye wannan almakashin, kawo allurar dafin maciji. Ki aika a kira likita."

Alhaji ya daka tsawa: "Ke Sista! Kin san ko ni wane ne?"

"Na sani mana, Alhaji," kika ce, ko waiwaye babu. "Kai ne mai numfashin da ya isa yin ihu. Ka gode wa Allah, ka danne wurin da hannunka, muna zuwa."

Kwana shida Adisa ta yi a wurinmu, ta koma ga 'ya'yanta huɗu da ƙafarta. Alhajin ma da ya ji abin da ya faru, sai da ya aiko mana da doya cikin kunya. A ranar ba ki yi mini faɗa a gaban kowa ba. Sai da aiki ya lafa kika ja ni gefe, kika ce in na shiga ɗaki in fara tambayar kaina wane ne ba zai kai azahar ba idan aka bar shi. Numfashi tukuna, sai jini, sai raɗaɗi, saura su biyo baya.

Haka kike da takardar tsarin jinya da muke rubuta wa kowane majiyyaci. Kin tsani a rubuta "zai samu sauƙi". Kikan mayar mana da takardar ki ce, "Yaushe? Da me za mu gane? Sauƙi ba ya da ma'auni, 'yata." Sai mun rubuta cewa zuwa Juma'a zai zauna da kansa, ko zazzaɓi zai sauka kafin gobe da yamma, sannan ki sa hannu. A lokacin muna ganin takura ce.

Mba Neindow, wato Baba Neindow, shi ne ya sa na fahimce ki sosai. Tsohon manomi ne da hawan jini ya shanye masa ɓarin jiki. Na jera masa buƙatu tara a takarda, ga magani, ga juya shi kada ya yi gyambon kwanciya, ga abinci. Amma tsohon ya juya fuska bango, ko koko ya ƙi sha. Kika ja kujera kika zauna kusa da shi, kika tambaye shi abin da ban taɓa tambaya ba: shi me yake so?

Ya juyo daga bangon. Can ya ce, "In ɗauki butata in zaga da kaina. Ba na son surukata ta riƙa ɗaga ni."

Kika karɓi alƙalamina kika rubuta wannan a saman takardar, bisa duk tara ɗin nawa. Kika ce masa, "To Mba, ƙafar da ba ta ci tuwo ba ba ta kai mutum bayan gida." Ya yi murmushi da rabin bakinsa, ya miƙo hannu a ba shi kokon. Muka fara da zama a bakin gado, sai tsayuwa, sai taku uku zuwa taga. A mako na bakwai ya ɗauki butarsa, yana jan ƙafa, ya je ya dawo ba mai riƙe shi. Duk ɗakin maza aka ɗau tafi. Ranar jana'izarki yana sahu na biyu, dogare da sandarsa.

Da ciwo ya kama ki, likitoci suka gaya miki gaskiya, ba ki ɓata lokaci ba. Kika kira ni kika ce in zo da takarda. Abu uku kika sa na rubuta: a rage miki raɗaɗi amma a bar ki da hankalinki, a mayar da ke gida, kuma ki ga sunan jikarki ta fari. Rubutuna ya karkace, kika ce, "Rubuta da kyau mana, ko sai na mayar miki?" Duka ukun Allah Ya cika miki. An raɗa wa jaririyar suna ranar Asabar, tana kan cinyarki, kika cika ranar Talata.

Yau mu goma sha ɗaya ne da kika horar muke riƙe da ɗakunan asibitin nan, wasu kuma sun watsu har Yendi da Walewale, kowace tana koya wa na bayanta. Aikin bai tsaya ba, Mma, kuma ba zai tsaya ba.

Ina miƙa ta'aziyyata ga maigidanta Mba Alidu, da 'ya'yanta Rafia da Shani, da dukkan dangi da abokan aiki. Allah Ya ba mu haƙurin rashinta. Ya Allah, baiwarKa Sanatu ta kwana ta tashi tana sassauta wa bayinKa wahala, Ka sassauta mata kwanciyar kabari. Ka yafe kurakuranta, Ka haskaka makwancinta, Ka sa Aljanna Firdausi ce gidanta. Idan tamu ta zo, Ka sa mu cika da imani. Amin.