Jan Bangon Ɗangana

Duk wanda ya ci kasuwar Gangara a shekarun da Nasara suke shirin barin ƙasa ya san Ɗangana, ko da bai riƙe sunansa ba. Shi ne dogon tsohon nan mai baƙin rawani da ke zama gindin jan bango a bakin hanya yana tufka igiya. Igiyar ɗaure dabba yake tufkawa ya sayar, shi kuwa ko akuya ba ya da ita. In ka tsaya ciniki sai ya tsare ka da tambaya: saniyar taka wace iri ce, ta haihu, tana harbi in ana tatsa? Ka zo da hantsi, ka tashi rana ta take. Wallahi masu sauri har zagaye suke yi ta bayan masallaci.

Ba manomi ba ne tun asali. Mutanensa daga arewa suka gangaro da garke, a bayan shanu ya tashi, bai taɓa kwana cikin soro ba sai da ya yi gemu. Wata shekara, autansa Sha'aibu yana goye, ciwon bushiya ya shiga garken. Kafin watan ya mutu babu abin da ya rage masa sai karsana guda, ja mai farin goshi, irin wadda Fulani maƙwabtansa suke ce wa Wule, shi ma da sunan yake kiranta. Ya jawo ta, matarsa Furera tana biye da ƙorai da yaro, suka sauka Gangara wurin kawunta, aka yanka musu gona.

Kafin su bar masheƙarinsu na ƙarshe, inda garken ya kwanta, sai da ya share busasshen kashin shanun nan kaf, ya ɗura a taiki, babbar jakar fata, ya aza wa jaki. Cewa ya yi taki ne na gona. Ina! Gona ba ta gan shi ba. Da magini ya gama ɗora tubalin zaure ya zo yaɓe, ya nemi kashin shanu na kwaɓi, sai Ɗangana ya juye masa taikin duka cikin jar ƙasa. Da shi aka yaɓe bangon yamma, wanda ƙofar zaure take jikinsa, aka bi da makuba, jiƙon ɓawon ɗorawa mai ƙarfafa yaɓe. Ruwa daga gabas yake dukan gini, saboda haka sauran bangayen sun sha sabon yaɓe ba adadi, na yamma kuwa bai taɓa yarda an taɓa shi ba.

A nan ya kafa wa Wule turke. Shekara da shekaru tana susa a jikin bangon, har ta yi masa wani ɗan kwari daidai haƙarƙarinta, sumul kamar cikin akushi. 'Yan maruƙanta duk sun tafi a hatsi da haraji. Da ta tsufa ta kasa tashi aka sa mata wuƙa, unguwa ta ci nama, shi ya saɓa fartanya ya tafi gona, bai dawo ba sai magariba.

Tun daga nan, in an yi ruwa an ɗauke, sai ya fito ya kai hancinsa jikin bango ya lumshe ido. Ya ce yana jin garkensa, har ya riƙa kiran sunayensu ɗaya bayan ɗaya.

Furera ta kan leƙo ta ce, "Malam, ni dai jiƙaƙƙiyar ƙasa nike ji."

Shi kuma ya ce, "Ke ɗiyar mutane, daddawa ta gama da hancinki, koma ciki."

Ana nan sai damanar mulkin kai ta zo. Gero ya kai ƙirji, ko'ina maganar sabuwar tuta ake yi. Sha'aibu ya zama saurayi, ya yi lakol, wato makarantar boko, yana aikin kai saƙo a buro, ofishin hukuma, da wandon kaki da keke. Ran nan sai ga shi da jaki biye, ɗauke da farar ƙasa. Ya durƙusa ya gaida uban, sannan ya ce ranar biki manyan baƙi za su ratsa ta hanyar nan a mota, maigari ya ce duk gidan da ke bakin hanya a shafa masa fari.

"Kuma Baba, na ce gaban maigari da dattawa namu za a hwara shahwawa. Sai dai hwarar ƙasa ba ta kama makuba. Dole a kankare tsohon yaɓen tukun."

Igiya ta faɗi daga hannun tsoho. "A kankare mi?"

"Bangon, Baba."

"Wanga bango? Auta, kanka ɗaya? Wanda duk ya ɗora ƙarhe a kan bangon ga, ya hwara kankare ni!"

Kada fa a ɗauka yaron marar kunya ne, ko kusa. Shi ne yake cika musu rumbu in damana ta yi gardama. Amma tun yana lakol yara suke ce masa ɗan baƙi, 'yan bin jelar shanu, abin yana cin sa har ya girma. So yake ranar da aka ce ƙasa ta zama ta kowa, gidan ubansa ya shiga layi da na kowa. Ga shi ya riga ya buɗe baki gaban manya.

Gidaje suka yi ta yin fari ɗaya bayan ɗaya, har ido ba ya iya kallon layin da tsakar rana. Jan bango ya rage shi kaɗai a tsakiya. Masu wucewa suka samu abin tsokana. "Ɗangana, ko kai bayan Nasara kake ne?" Wannan magana ta yi masa zafi ƙwarai, shi da ya sayar da maraƙi ya biya musu haraji yana hawaye. Sha'aibu kuwa ya daina bi ta ƙofar maigari, in ya shigo gida ya ci tuwo kansa a sunkuye. Tsoho yana gani, zuciyarsa tana ƙuna, amma in ya dubi kwarin nan na Wule sai ya ji ba zai iya ba.

Furera ce ta same shi a zaure ana jajibirin biki. Ba ta yi masa tsiyar da ta saba ba. Ta ce, "Malam, shanun nan sun mutu, na sani ka sani. Yaron ga kuwa yana da rai, gobe shi za a nuna da baki."

Ɗangana ya ajiye igiyar da yake tufkawa. Da aka sauko daga azahar ya ce a kawo masa tsani da ƙwaryar farar ƙasa da tsumma. Sha'aibu ya zabura ya ɗauko fartanya zai fara kankara, uban ya ɗaga masa hannu. Shi da kansa ya hau. Can saman ƙofa ya kankare wani wuri da wuƙarsa, mai faɗi daga sama, yana tsukewa har ya sauko daidai kan ƙofar. Ya shafe shi fat da fari, ya sauko, ya wanke hannu.

Sha'aibu ya ce, "Shi ke nan, Baba?"

"Shi ke nan. An ce a yi hwari, na yi."

Yaron ya buɗe baki zai yi magana, sai ga Furera ta fito da taɓarya a hannu don ta ga aikin. Ta tsallaka hanya ta juyo. Jan bango ne shimfiɗe, ga farin goshi a sama, ga baƙin ƙofa a ƙasa kamar hancin saniya. Taɓarya ta suɓuce mata.

"La ilaha illallahu! Wule!"

Ta zauna a ƙasa ta rufe fuska da zane, kuka take yi sosai, ita da ta yi shekara da shekaru tana yi masa dariya. Sha'aibu ya je ya tsaya kusa da ita ya duba. Da nonon saniyar nan aka yaye shi, a gindinta ya koyi tafiya. Ya daɗe yana kallo, sannan ya jingine fartanyar.

Kashegari motar baƙi ta wuce tana fantsama taɓo, ko waiwaye ba su yi ba. Maigari ya biyo baya a kan doki, ya dubi bango, ya dubi tsoho, ya ce, "To, ai an yi hwari," ya wuce abinsa.

Ɗangana bai daɗe ba bayan haka, damana kaɗan ya ƙara ya rasu. Da hali ya samu, Sha'aibu ya shafe bango uku da siminti, na yamma bai taɓa shi ba, farin goshin kawai yake sabuntawa. In an yi ruwa an ɗauke, sai a gan shi da kayan buro, hanci a jikin bango. Masu tsokana su ce, "Sha'aibu, mi ka ji?"

Ya ce, "Wallahi jiƙaƙƙiyar ƙasa kawai." Amma ba ya matsawa sai bangon ya bushe.